MALAM ABDULLAHI ƊAN FODIYO, MAI GWANDU (1766 – 1829): TAƘAITACCEN TARIHINSA DA GADON DA YA BAR MANA

Gabatarwa

  

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in yi ɗan bayani a kan rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Babu ɗan Jega ko Aliero ko Maiyama da bai tashi da jin wannan suna ba. Fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu da ke Birnin Kabi sunansa take amsawa, haka nan jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda daga baya aka mayar da sunanta zuwa nasa. Amma fa idan aka tsayar da ɗalibin ajin ƙarshe, kai har mu da muka daɗe da fita, aka ce ya kawo sunan littafi ɗaya tak na wannan bawan Allah, kuma ya faɗi abin da ke cikinsa, sai a ga ana sosa ƙeya. Wannan shi ne abin da ya tunzura ni. Abin da nake son nunawa shi ne, babban gadon Malam Abdullahi rubutu ne, kuma ya yi rubutun nan hawa-hawa, da na manyan malamai, da na ɗalibai masu rauni, da na talakan da ba ya jin Larabci, domin kada a bar kowa a baya.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 ko 1767. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, watau uwa ɗaya uba ɗaya suke da Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Zuriyarsu Toronkawa ne, waɗanda kakansu Musa Jakollo ya taso da su daga Futa Toro, a ƙasar Senegal ta yanzu, suka zauna wajen Ƙwanni. A Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, Abdullahi ya yi wayo.

A hannun mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga wansa Shehu, ya zama shi ne malaminsa, kuma abokin tafiyarsa. Daga nan ya shiga zagayen malamai kamar yadda almajiran wancan zamani suke yi, a karanci wannan littafi a wurin wane, a tashi a tafi wani gari domin wani littafin. Cikin malamansa akwai shahararren nan Malam Jibrilu ɗan Umaru, da kuma kawunsu Malam Muhammadu ɗan Raji, wanda a wurinsa suka saurari Sahihul Buhari shi da Shehu. Ya karanci nahawu da sarfu da balaga da aruli da fiƙihu da usulu da tafsiri da hadisi. Abin sha'awa a nan shi ne, mutumin da bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba ya ƙware a harshensu har aka riƙa yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

A 1812 ya zauna ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a hannun kowane. Wannan littafi shi ne taskar da masana tarihi suke komawa gare ta idan suna son sanin irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa kafin jihadi. Akwai darasi a cikinsa gare mu tsofaffin ɗalibai, domin mutumin da ya kai wannan matsayi bai ga ya girmi ambaton waɗanda suka koya masa ba.

Zamanin Wa'azi

Shehu ya fara wa'azi wajen 1774, kuma ƙasar Kabi tana cikin wuraren da ya fara zuwa. Abdullahi yana biye da shi duk inda ya sa ƙafa, a Kabi da Gobir da kuma Zamfara, inda suka shafe kimanin shekara 5 suna kiran jama'a. Da Fulatanci da Hausa ake yin wa'azin nan, domin su ne harsunan da manoma da makiyaya suke ji. Shehu yakan tsara waƙoƙi da Fulatanci domin a haddace, shi kuma Abdullahi yakan mayar da waɗansunsu Larabci domin malamai na nesa. Tun daga nan ya gane cewa ilmi ba ya isa ga jama'a ta ƙofa ɗaya.

A cikin wannan zagaye ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata suke halartar wa'azinsa. Shehu ya umurci ƙanensa, wanda a lokacin bai wuce ɗan shekara 20 da 'yan kai ba, da ya ba da amsa. Abdullahi ya mayar da martani da baitoci masu karin waƙar da aka aiko, inda ya nuna cewa cuɗanyar maza da mata ba abin so ba ce, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi ta muni. Duk mahaifin da ke taƙama da Abdullahin Gwandu a yau, amma ya hana 'yarsa karatu, ya kamata ya tuna da wannan amsa da aka bayar fiye da shekara 200 da suka wuce.

Yana tare da Shehu kuma a Magami wajen 1788, ranar Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi masu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a sassauta wa talakawa haraji, a kuma saki waɗanda ke kurkuku.

Daga Gimbana Zuwa Gwandu

A nan ne tarihin Malam Abdullahi ya fara haɗuwa da na ƙasarmu. Da sarakunan Gobir na baya, Nafata da ɗansa Yunfa, suka matsa wa jama'ar Shehu, sai wani almajirinsa Ba'are mai suna Malam Abdussalami ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana, wadda ba ta da nisa da inda Jega take a yau. A watan azumi, ƙarshen 1803 zuwa farkon 1804, rundunar Gobir ta auka wa Gimbana ta kama mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan shi ne abin da ya fasa ƙwai. A watan Fabrairu 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu, inda aka yi masa mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu.

Malamin nahawu sai ga shi ya zama kwamandan yaƙi. Shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni 1804, inda suka karya rundunar Yunfa duk da ƙarancin dawaki da makamai. Bayan wahalar da aka sha a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, sai jama'a ta koma Zamfara. Daga can ne Abdullahi ya jagoranci runduna zuwa Kabi, aka ci Birnin Kabi a watan Afrilu 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga garin. Wannan nasara ce ta ba Shehu damar komawa Gwandu da zama. Kafin shekarar ta ƙare an sake yin babbar hasara a Alwasa, har maƙiya suka iso bakin Gwandu kafin a kore su.

Gudun Mulki

Abin da ya bambanta Malam Abdullahi da mafi yawan mayaƙa ya bayyana ne bayan da nasara ta fara samuwa. Ya duba ya ga abokansa na farko, waɗanda suka fito domin Allah, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya a fagen fama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu ya koma ga ganima da manyan riguna da dawaki da ƙwaraƙwarai da neman sarauta. Abin ya dame shi ƙwarai. Wajen 1807 sai ya sulale daga cikin runduna tare da 'yan mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba tare da shirin dawowa ba.

Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanen garin suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya masu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya nuna masu cewa abin da ya gudo dominsa shi ya tarar a wurinsu. Duk da haka ya tsaya, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani daga farko har ƙarshe, ya kuma rubuta masu Liya'ul Hukkami, littafin da ya yi bayanin hijira, da naɗa shugaba da abin da ya wajaba a kansa, da zaɓen alƙalai da wakilai, da hukunce-hukuncen jihadi, da siyasar shari'a. Karatun ya ratsa su har suka farfasa kayan kiɗa, suka mayar da kwangon gangunansu abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wurin Shehu.

Ko bayan dawowarsa bai daina faɗin ra'ayinsa ba. Ya saɓa wa wansa kuma malaminsa a kan waɗansu mas'aloli, kamar kiran shugabanni da sunayen sarautar gargajiya, da kaɗa tambura, da sa tufafin alfarma, inda Shehu ya sassauta shi kuwa ya tsananta. Da alƙalami suka yi wannan muhawara, kowa ya rubuta hujjarsa, ba a kuma ji ta taɓa zumunci ba. Hasali ma a cikin Najamul Ikhwani Shehu da kansa ya kwaɗaitar da jama'a ga karanta littattafan ƙanensa, saboda tsayuwarsa a kan kiyaye zahirin shari'a.

Rabon Ƙasa da Sulhun Kalambaina

An ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga, shi ya sa ake ce masa Mai Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Wannan rabo shi ne asalin daular Gwandu, wadda daga baya ikonta ya kai Nufe da Ilori da waɗansu ƙasashe na ƙetaren Kwara har zuwa Liptako, a cikin Burkina Faso ta yanzu.

Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga. Ruwayar da ta shahara ta nuna cewa ya tarar da ƙofar gari a rufe. Bai tara runduna ba, bai kuma kira kowa ga tawaye ba, sai ya juya ya nufi Gwandu. An ɗauki 'yan shekaru akwai sanyin jiki tsakaninsa da ɗan wansa.

Ana cikin haka Malam Abdussalami, mutumin Gimbana, ya saɓa da Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a farkon 1818 sakamakon raunin da ya samu. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Wajen 1820 zuwa 1821 sai Bello ya taso da kansa ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin. Da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki domin girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi kuma ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ɓarakar, kuma Sakkwato da Gwandu suka ci gaba da tafiya tare har zuwan Turawa a 1903.

Mu mutanen Jega muna da kaso a cikin wannan labari. Buhari ɗan Abdussalami ya yi sulhu da Gwandu, aka bar shi ya zauna da jama'arsa, ya kafa garin Jega, wanda har yau sarautarsa ita ce Sarkin Kabin Jega. Garin da aka kafa bayan yaƙi da sulhu shi ne ya zama babbar kasuwa, matattarar fataken da ke bin hanyar Gwanja domin sayo goro. Da an bi hanyar ramuwar gayya, da wataƙila tarihin wannan yanki ya sha bamban.

Rubuce-rubucensa

Masana sun lissafa wa Malam Abdullahi littattafai wajen 100, manya da ƙanana, ban da waƙoƙi. Idan muka tuna cewa da alƙalamin kara da tawadar gargajiya aka rubuta su, a kan takardar da sai fatake sun ƙetaro Hamada da ita, kuma yawanci a tsakanin wannan yaƙi da wancan, za mu san cewa ba ƙaramin aiki ba ne. Ni a ganina za a iya kasa su hawa uku.

Hawa na farko shi ne na manyan malamai. A nan ne ake samun Liya'ut Ta'awili, babban tafsirinsa na Alƙur'ani da ya kammala wajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4. Akwai Baharul Muhiɗi a fannin nahawu, mai baiti fiye da 4,000, da Hisnur Rasini a fannin sarfu, da Miftahut Tafsiri, inda ya waƙe ilmin tafsiri bisa littattafan Imam Suyuɗi. Akwai kuma Tazyinul Waraƙati na 1813, inda ya tattara ƙasidunsa na Larabci, ya bi kowace da bayanin dalilin yin ta, har littafin ya zama tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi abin da shi. Wani Bature masanin Hausa, Mervyn Hiskett, ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1963.

Hawa na biyu shi ne na ɗalibai. Da ya lura babban tafsirin nan ya fi ƙarfin mafi yawan almajirai, saboda yawan ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da zurfin nahawun da ke ciki, sai ya sake zama wajen 1822 ya rubuta wani mai sauƙi, ya sa masa suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, watau abin da zai wadatar da masu rauni na ƙasar baƙar fata. A cikinsa ya tsaya ga ruwayar Warshu da muke karatu da ita a allo, da mazhabar Malikiyya da muke bi. Malamin da ya gama babban aiki, sa'an nan ya dawo ya sake yin sa domin na baya, shi ne malami na gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe alli a cikinmu ya san wuyar hakan.

Hawa na uku shi ne na talakawa. Duk da ƙwarewarsa a Larabci bai raina harshen gida ba. Ya yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, aka rubuta su da ajami, watau haruffan Larabci da aka gyara domin su ɗauki lafazinmu. Daga cikin na Hausa da ake danganta masa akwai Waƙar Sira, mai ba da tarihin Manzon Allah (S.A.W.), da Mulkin Audu, ta wa'azi. Irin waɗannan waƙoƙi makafi da almajirai da mata a cikin gida suke haddacewa, ta haka abin da ke cikin manyan littattafai ya isa ga wanda bai taɓa buɗe su ba. 'Yar wansa, Nana Asma'u, wadda ta yi masa marsiyya da ya rasu, ita ce ta ƙara faɗaɗa wannan hanya, inda ta riƙa tura jajis ƙauyuka da waƙoƙin Hausa domin karantar da mata, tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari ɗan Shehu, mai Tambuwal, yawancin harkar yaƙi da gudanarwa, ya koma ga abin da ransa ya fi so, watau karantarwa da rubutu. Allah ya yi masa rasuwa a Gwandu a shekara ta 1245 bayan Hijira, daidai da 1829, a can kuma kabarinsa yake, jama'a na ziyarta har gobe. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Malam Halilu, wanda shi ma ya shahara da ilmi da tsoron Allah. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu har yau, ko da yake hedkwatar masarautar ta koma Birnin Kabi, wanda ya zama babban birnin Jihar Kabi da aka ƙirƙiro a 1991.

Ina Masu Karatun?

To, 'yan'uwa, a nan gizo ke saƙa. Bayan Turawa sun ci ƙasar nan, sai suka zaɓi haruffan boko domin rubuta Hausa a makaranta da ofis, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Boko ya yi mana rana, da shi nake wannan rubutu, da shi kuma kuke karantawa. Sai dai a hankali aka wayi gari ɗan makaranta yana iya karanta Shakespeare amma ba ya iya karanta wasiƙar da kakansa ya rubuta da ajami. Da aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira a 2007 an yi ta ƙorafi, amma da yawa daga cikin masu ƙorafin ba za su iya karanta shafi guda na waƙar Malam Abdullahi yadda aka rubuta ta ba.

Bari in kawo misali daga wata al'umma mai nisa, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yahudawan gabashin Turai suna da harshen addini, watau Ibrananci, wanda malamansu suke karatu da shi, suna kuma da harshen gida da kasuwa mai suna Yidish, wanda suke rubutawa da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda ajaminmu yake da Larabci. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu magana da shi sun kai wajen miliyan 11, suna da jaridu da manyan marubuta irin su Sholem Aleichem, wanda ya rasu a New York a 1916, da Isaac Bashevis Singer, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1978. Kisan ƙare-dangin da gwamnatin Hitila ta yi masu ya hallaka miliyoyin masu jin harshen, jikokin waɗanda suka tsira kuwa suka koma Turanci da Rashanci da Ibrananci na zamani. Sai ya zamana idan tsoho ya mutu a Amurka, magadansa su kwashe littattafansa su zubar, domin ba su iya karanta ko sunan littafin ba. A 1980 wani ɗalibi matashi mai suna Aaron Lansky ya fara bi gida-gida yana tattara su, shi da abokansa, har suka ceto littattafai fiye da miliyan 1, suka kafa masu cibiya a garin Amherst.

Mu alhamdu lillahi harshenmu yana nan da ransa, kullum ƙara yaɗuwa yake yi, kuma makarantun allo da na zaure ba su mutu ba. Amma hatsarin da ke kan tsofaffin takardunmu iri ɗaya ne. A gidajen malamai na Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukansu akwai gafakoki da adakoki cike da rubutun hannu, na Larabci da na ajami. Gara tana ci, ɗigon damina yana jiƙawa, gobara tana lashewa, idan mai su ya rasu kuma a raba su warƙa-warƙa a matsayin gado, ko a bar su a ɗaki domin tubarraki ba mai buɗewa.

Shawara ga Ƙungiyarmu

Saboda haka nake ba shugabannin wannan ƙungiya tamu shawarwari guda huɗu, waɗanda ba su fi ƙarfinmu ba.

Na farko, a cikin kuɗin da muke tarawa domin gyaran azuzuwa, a ware wani abu a sayi littattafan Malam Abdullahi da aka buga, da fassarorinsu na Hausa da Turanci, a keɓe masu kanta guda a laburaren makaranta.

Na biyu, a nemi izinin hukumar makaranta a samo malami daga cikin gari da zai riƙa koya wa ɗalibai karatu da rubutun ajami sau ɗaya a mako. Yaron da ya yi allo ba ya buƙatar fiye da 'yan makonni kafin hannunsa ya faɗa.

Na uku, kowanenmu idan ya je gida hutun salla ya zauna da dattawan gidansu cikin ladabi, ya nemi a nuna masa takardun da aka gada. Wayar da ke aljihunsa ta isa ta ɗauki hoton kowane shafi ba tare da an fitar da ko warƙa ɗaya daga gidan ba. Abin da aka tara sai a nemi shawarar masana a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ko jami'o'inmu, a kan yadda za a adana shi.

Na huɗu, a riƙa kai ɗaliban ajin ƙarshe ziyara Gwandu kowace shekara, tafiyar da ba ta wuce yini guda ba zuwa da dawowa, tare da malamin tarihi da zai yi masu bayani.

Kammalawa

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe takobi da larura ta sa, ya riƙe mulki ba da son ransa ba, har ya taɓa barin sa ya kama hanyar Makka. Alƙalami kaɗai ne bai taɓa ajiyewa ba tun yana saurayi har ya koma ga Mahaliccinsa. Mun sa wa fada da jami'a da makarantu sunansa, kuma hakan ya dace. Abin da ya rage shi ne a samu yara a Jega da Aliero da Maiyama waɗanda za su iya buɗe littafinsa su karanta, su kuma gane, kuma wannan aiki ya rataya ne a wuyanmu mu da Allah ya ba dama muka yi karatu.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da sauran magabatanmu. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu tsofaffin ɗalibai da suka riga mu, ya kuma albarkaci wannan makaranta da ƙungiyarmu, amin.